LAFIYA UWAR JIKI: Ba Kowane Wabi Ne Aikin Iska Ba

Ba a rasa gida a Jekadafari ko Bolari ko Tudun Wada, ko wata unguwa ta birnin Gombe, inda a ke da labarin yaron da ba ya rabuwa da ciwo. An haife shi lafiya lau, an yanka ragon suna, ya yi wata biyar ko shida yana ƙiba yana wasa. Daga nan sai al'amari ya juya. Yau kunne na zubar da mugunya, gobe tari da ciwon haƙarƙari, jibi gudawa, kuma da zarar maganin asibiti ya ƙare sai ciwo ya komo kamar da ma a bakin ƙofa ya ke jira. In Allah Ya karɓi abinsa, ƙanensa ya zo ya bi sawunsa, sai a ce matar wabi ta ke yi. A huda wa jariri na gaba kunne, a laƙaba masa Ajuji ko Ayashe, a shiga zargin iska ko maita ko nonon uwa. Yawan auren da ya mutu a kan wannan zargi, Allah kaɗai Ya sani.

Galibin irin waɗannan yara, in aka kai su gaban likita, akan tarar sanadin sananne ne: zazzaɓin cizon sauro, ko tamowa, ko ƙyanda, ko sikila, ko ƙanjamau. Amma akwai 'yan ƙalilan da za a auna duk waɗannan a rasa, yaro kuwa bai daina ciwo ba. Wasu daga cikinsu matsalarsu tana can cikin ɓargon ƙashi, inda jiki ya ke renon waɗansu fararen ƙwayoyin jini da masana su ke kira ƙwayoyin B. Sanin yadda a ke renon nan, da inda ya kan lalace, zai iya ceton ran yaro, ya kuma wanke uwarsa daga laifin da ba ta yi ba.

MENE NE MAKARI?

Mutanen Jihar Gombe ba baƙi ba ne ga aikin ƙwayoyin B, ko da ba su san sunansu ba. A Kaltungo, kan hanyar Yola, akwai asibitin da ya shahara wajen jiyyar saran maciji, musamman kububuwa, wadda a ke yi wa kirari gobe da nisa. Allurar da a ke yi wa manomin da aka sara, ba daga itace aka samo ta ba. Dafin macizan Nijeriya aka tatsa a wata makarantar binciken cututtuka ta Libaful a Ingila, aka riƙa sa wa tumaki da dawaki kaɗan kaɗan, har jikinsu ya ƙera abin da ke kama dafin ya kashe kaifinsa. Sa'an nan aka ɗebi jininsu aka tace, aka ɗura a kwalba. Haka aka yi makarin EchiTAb, wani daga jinin tumaki a Birtaniya, wani daga jinin dawaki a ƙasar Kosta Rika.

Wannan abu da jiki ya ke ƙerawa shi ne makari, kuma ƙwayoyin B ne kaɗai maƙeransa, a jikin doki ko tunkiya ko ɗan Adam. Kowace cuta da nata makari, kamar yadda kowane kwaɗo ya ke da nasa mabuɗi. Jariri yana zuwa duniya da guzurin makari da uwarsa ta ba shi ta mabiyiya, mafi yawa cikin wata uku na ƙarshen ciki, dakashi da nono kuma su ƙara masa. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Wajen wata shida guzurin ya kan ƙare, dole jikin yaro ya dogara ga nasa maƙeran. Wannan shi ya sa yaron da ba shi da ƙwayoyin B ya kan yi watannin farko garau, sai daga baya asiri ya tonu.

DAGA KAZA AKA GANO

Harafin B ɗin nan daga kaza ya samo asali. A 1956 wani ɗalibi a Amurka mai suna Bruce Glick da abokin aikinsa Timothy Chang suka lura cewa 'yan tsakin da aka cire musu wata 'yar jaka da ke kusa da dubura, wadda a ke kira bursa, ba sa iya yin makari bayan sun girma. A 1965 Likita Max Cooper da abokan aikinsa suka tabbatar dakarun jiki runduna biyu ne: ƙwayoyin B masu ƙera makari, da ƙwayoyin T masu faɗa gaba da gaba da kuma ba da umarni. Ɗan Adam ba shi da jakar kaza. A 1974 aka nuna cewa a jikin dabbobi masu shayarwa, hantar ɗan tayi ce ke fara wannan reno, sa'an nan ɓargo ya karɓa har iyakar rai.

Ɓargo dai ya yi kama da daffon Zariya inda a ke horas da kuratan soja. A cikinsa akwai uwar ƙwayoyi, wadda daga gare ta jajayen ƙwayoyin jini da farare duka su ke fitowa. Abin tambaya shi ne, wa ke gaya wa ƙwaya guda cewa ita B za ta zama, ba ja ba, ba T ba? Amsar tana cikin rubutun halitta da kowa ya gada, wanda a ke kira DNA. An tattara shi cikin kundi 46, watau 23 daga uwa, 23 daga uba, kuma a cikin kundayen akwai umarnin gado wajen dubu 20, waɗanda aka fi sani da ƙwayoyin gado. Kusan kowace ƙwaya ta jiki tana ɗauke da kundayen gaba ɗaya, amma ba duka ta ke karantawa ba. Abin da aka buɗe mata da abin da aka rufe shi ke yanke sana'arta.

Masu buɗewa da rufewan nan su ma wasu umarnin gado ne, kuma bi da bi su ke aiki kamar hafsoshi, kowane na miƙa wa na gaba. Biyu na farko, Ikaros da PU.1, su ke karkata ƙwaya zuwa aikin tsaro. Sai E2A ya tashi EBF1, shi kuma EBF1 ya tashi PAX5. Wannan na ƙarshe shi ne mai rantsarwa: yana buɗe duk abin da ƙwayar B ke bukata, yana kuma garƙame ƙofofin sauran sana'o'i. A 1999 masu bincike a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ƙarƙashin Meinrad Busslinger, suka nuna haka a jikin ɓeraye. Da suka kawar da PAX5, sai kuratan suka tsaya cak a tsakiyar horo, kuma aka ga ana iya juya su su zama wasu irin ƙwayoyi dabam, har da masu cin ƙashi. Ashe kafin PAX5 ya yi magana, kurtu bai zama soja ba tukuna.

YANKA DA ƊINKI

Bayan rantsuwa sai babban aiki, watau ƙera makami. A nan akwai abin mamaki da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Cututtukan duniya ba su ƙidayuwa, kuma kullum sababbi na fitowa, to, ta yaya umarni dubu 20 za su ishi ƙera makari iri miliyoyi? Wani masani Bajapane, Susumu Tonegawa, ya warware wannan a 1976 yana aiki a Basel ta ƙasar Suwizalan, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1987. Ya gano cewa ƙwayar B tana yi wa kundinta abin da tela ke yi wa yadi, ta yanka ta ɗinke.

Makari sarƙa biyu gare shi, babba da ƙarama. Umarnin babbar sarƙa yana kundi na 14, a gutsure, cikin tuli uku: tulin V mai gutsure wajen 40, tulin D mai wajen 23, tulin J mai 6. Kowace ƙwaya za ta ɗauki ɗaya daga kowane tuli ta haɗa. Mai lissafi zai ga 40 sau 23 sau 6 ya ba da 5,520. Ƙaramar sarƙa, wadda ke kundi na 2 ko na 22, ita ma da nata haɗe haɗe, ga kuma 'yan haruffa da a ke cusawa barkatai a wurin ɗinki. In aka tara duka, irin makarin da jiki zai iya yi ya wuce biliyoyi. Almakashin da ke wannan yanka kuwa baki biyu gare shi, RAG1 da RAG2, waɗanda David Schatz da Marjorie Oettinger da David Baltimore suka gano a 1989 da 1990.

Tun da ɗinkin na sa'a ne, kusan biyu cikin uku ba sa karantuwa. Saboda haka aka ajiye jarrabawa. Ƙwaya za ta ɗaura sabuwar babbar sarƙarta da wata ƙarama ta wucin gadi, ta kafa a bayanta. In ta zauna daidai, sai saƙo ya ratsa zuwa cikin ƙwaya cewa an ci, a daina yanka, a hayayyafa, sa'an nan a shiga ɗinkin ƙaramar sarƙa. In ba ta zauna ba, sai a gwada da kundin da aka gada daga ɗayan mahaifin, in nan ma an faɗi, ƙwayar ta mutu a ɓargo. Ɗaya daga cikin manyan masu kai wannan saƙo shi ne BTK, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe sunan.

Jarrabawa ta ƙarshe ita ce ta amana. Wani bincike na 2003 ya nuna fiye da rabin sababbin ƙwayoyin B na mutum makaminsu jikin mai shi ya ke kamawa. Irin waɗannan akan ba su dama su sake ƙaramar sarƙa, in sun ƙi gyaruwa a kashe su ko a ladabtar da su. Waɗanda suka tsallake su ne ke fita zuwa saifa da kaluluwa su yi gadi. Ranar da ɗaya ta gamu da cutar da makaminta ya dace da ita, sai ta hayayyafa, wasu 'ya'yanta su riƙa zubo makari dubbai cikin daƙiƙa guda, wasu su zauna shekaru suna riƙe da kamannin abokin gaba. A kan wannan tunawa aka gina allurar rigakafi duka. Ita kuma ƙyanda, wannan tunawar ta ke gogewa, domin binciken 2019 a kan yaran ƙasar Holan da ba a yi wa rigakafi ba ya nuna ta share musu kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na ire iren makarin da suka tara.

INDA BANGO KE TSAGEWA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1952 wani likitan soja na Amurka, Kanar Ogden Bruton, ya ba da labarin yaro ɗan shekara takwas da cuta mai tsanani ta yi ta shiga jininsa sau da yawa. Da ya auna sai ya tarar babu makari a jinin. Ya shiga yi masa allurar makarin wasu mutane wata wata, ciwon ya tsaya. Sai a 1993 aka gano tushen, watau lalacewar BTK. Kurtu ya yi ɗinkinsa daidai, amma babu mai kai saƙon cewa ya ci jarrabawa, don haka ba ya fita daga ɓargo.

BTK yana kan kundin da a ke kira X. Mace biyu gare ta, namiji ɗaya. Macen da ɗaya nata ya lalace lafiyarta ƙalau, domin ɗayan ya rufa mata asiri, amma kowane ɗa namiji da za ta haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauki mai kyau ko ya ɗauki mai aibi. Shi ya sa a irin wannan zuriya za a ga 'yan mata suna rayuwa, maza na mutuwa suna ƙanana, in aka bincika kuma a tarar kawunnan yaron, watau 'yan'uwan uwarsa maza, haka wasunsu suka tafi. Wani lokaci kuma aibin sabo ne, babu wanda ya taɓa yin sa a dangi. Ana ƙiyasin jariri ɗaya cikin 200,000 ke zuwa da wannan lalura. A ƙasa irin Nijeriya, mai haihuwar jarirai wajen miliyan bakwai a shekara, lissafin ya kai yara fiye da talatin kowace shekara.

In kuwa almakashin RAG ne ya lalace gaba ɗaya, abin ya fi muni, domin ƙwayoyin T ma da shi su ke ɗinka nasu makami. Jariri zai tashi ba B ba T, kuma in ba a yi masa dashen ɓargo ba, da wuya ya wuce shekara biyu. Wannan kuwa sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da kundi mai aibi, kamar yadda sikila ta ke, kuma kowane ciki ɗaya bisa huɗu ne. Auren zumunci, wanda ya ke da daraja a tsakanin Hausawa da Fulani, yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da aibi iri ɗaya. Ba cewa aka yi a daina shi ba, amma zuriyar da ta ga jarirai na mutuwa a jere, ya kamata ta nemi shawarar likita kafin ta ƙulla wani. Ko ta wace hanya abin ya zo, babu mahalukin da ya zaɓi kundin da zai ba ɗansa, don haka babu dalilin sakin mace ko goranta mata.

Tsagewa ta uku ba gado ba ce galibi, a jikin yaron ta ke faruwa. Wani lokaci kurtu ɗaya ya kan tsaya a tsakiyar horo, ya ƙi girma ya ƙi mutuwa, ya yi ta hayayyafa har ya cika ɓargo ya hana sauran jini fitowa. Wannan ita ce sankarar jini ta yara, wadda ta fi kama 'yan shekara biyu zuwa biyar, da ɗashewa da zazzaɓi da ciwon ƙashi da zubar jini. A 2007 masu bincike na asibitin Saint Jude da ke Amurka suka tarar PAX5 ya lalace a kusan kashi ɗaya bisa uku na yaran da suka auna masu irin wannan sankara. Akwai kuma wadda ta fi yawa a ƙasashen sauro, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, wadda Likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Ita a ƙwayar B da ta riga ta fita daga ɓargo ta ke tasowa, sa'ad da wani gutsure na kundi na 8 ya manne da na 14 bisa kuskure. Nijeriya na da hannu a yaƙi da ita: ƙwayoyin da aka ɗauka daga wani yaro a Ibadan a 1963 har yau ana bincike da su a duniya, kuma Farfesa Victor Ngu, wanda ya yi aiki a can, ya sami lambar Lasker a 1972 saboda jiyyarta da magani.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Dukan waɗannan suna da magani in an gano da wuri. Mai lalurar Bruton ana ƙara masa makarin da aka tace daga jinin dubban masu ba da gudummawa, duk mako uku ko huɗu har iyakar rai, kuma da haka ya kan yi karatu ya yi aure. Dabarar ɗaya ce da ta Kaltungo, aro daga mai shi zuwa marashi, sai dai tsada gare ta ainun, ko da ya ke tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Dashen ɓargo ma ba tatsuniya ba ne a ƙasar nan, domin an fara yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Binin a 2011 ga wani mai sikila. Game da sankarar yara kuwa, hukumar ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na warkewa a ƙasashe masu arziki, alhali a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai kashi 30 ba. Zuwa asibiti a makare da katse magani na cikin manyan dalilan wannan rata.

Alamun da ya kamata iyaye su lura da su ga su: ciwon kunne sau huɗu ko fiye cikin shekara, ciwon haƙarƙari sau biyu ko fiye, shan maganin kashe ƙwayoyin cuta wata biyu ba sauƙi, farin baki da ya ƙi ji, rashin ƙaruwar nauyi, da labarin jarirai da suka mutu a dangi. Irin wannan yaro ba wanzami ya ke bukata ya cire masa belu ba. A kai shi babban asibiti, kuma a tafi da tarihin dangi cikakke, har na waɗanda suka rasu, domin sau da yawa wannan tarihi ne ke buɗe wa likita ido. Birnin Gombe na da Asibitin Ƙwararru na jiha, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Titin Ashaka, wanda aka kafa a 1996 aka ɗaga darajarsa a 2014, kuma daga Dukku da Nafaɗa da Kumo da Billiri duka nan a ke turo masu wuyar lamari.

Ga ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci, in yaro ya komo karo na huɗu da ciwo iri ɗaya, lokaci ya yi da za a tura shi gaba maimakon sake rubuta magani. Duba maƙogwaro kaɗai na iya ba da haske, domin mai lalurar Bruton ƙullutun naman nan biyu na gefen maƙogwaronsa ƙanana ne ƙwarai ko babu su sam. Ga hukumomi kuma, awon yawan makari a jini ba abu ne mai wuya ba, kuma na'urar ƙirga ƙwayoyin B dangin wadda a ke ƙirga ƙwayoyin masu ƙanjamau ce. Ya kamata Gwamnatin Tarayya da ta jiha su tabbatar ana samun waɗannan a kowane asibitin koyarwa, su kuma sa makarin cikin tsarin inshorar lafiya, don kada a gano ciwo a bar talaka da takarda a hannu.

Saura maganar rigakafi. Yaron da likita ya tabbatar ba shi da ƙwayoyin B ko T, akwai alluran da ba su dace da shi ba, kuma likita ne zai tantance. Amma irin wannan yaro ɗaya ne cikin dubbai masu yawa, kuma garkuwarsa ita ce 'ya'yan maƙwabta. In duk yaran unguwa an yi musu rigakafin ƙyanda da shan inna da sanƙarau, cuta ba ta samun hanyar isa gare shi. Saboda haka magidancin da ya kai 'ya'yansa rigakafi ya tsare gidansa, ya kuma tsare ɗan wani da bai sani ba.

Ciwo da waraka duka na Allah ne, kuma Shi Ya hore wa bayinSa sanin abin da ke cikin ɓargo. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.